Yadda Ake Rage wa Kanel Kaya a Cikin Ƙananan Na'urori

Ba kowace kwamfuta ce ke da allo da madannai ba. Akwai waɗanda ake dasa wa a cikin wasu kayayyaki domin su yi aiki guda ɗaya tak, kamar ta cikin talabijin, ko mota, ko akwatin rarraba intanet da ake kira rauta. Babbar matsalar irin waɗannan na'urori ita ce ƙarancin ƙwaƙwalwa, domin kowane ƙari da aka yi mata yana ƙara wa na'urar tsada da cin wuta.

Mene ne kanel?

Kanel shi ne ƙwayar babbar manhajar kwamfuta, kamar yadda ƙwayar gyaɗa take a cikin ɓawo. Shi ke raba wa sauran manhajoji lokaci da ƙwaƙwalwa, shi kuma ke magana da sassan na'ura a madadinsu. Wanda ya fi shahara shi ne Linux, wanda Linus Torvalds ya fara rubutawa a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland.

Ya kamata ɗalibi ya bambance wuraren ajiya iri biyu. Akwai ma'adana ta filash, inda manhaja ke kwance ko da an kashe wuta. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, inda ake ɗora ta idan an kunna na'ura. Da zarar kanel ya shiga RAM ba ya fita sai an kashe na'urar. Ke nan duk abin da aka cusa masa ba tare da bukata ba, wuri ne aka ƙwace wa ainihin aikin.

Misali daga rautar Linksys

Rautar WRT54G ta kamfanin Linksys da ke Amurka ta fito da megabait 4 na filash da megabait 16 na RAM, amma Linux take amfani da shi. Bayan kamfanin ya saki rubutun manhajar a 2003, masu sha'awa suka kafa shirin OpenWrt a 2004. A 2005 sai aka fitar da wani samfurin da aka rage wa ajiyar biyu da rabi, aka kuma maye gurbin Linux da VxWorks. Wannan ya nuna cewa 'yan megabait kaɗan suna iya sa a sauya babbar manhaja ɗungurungum.

Hanyoyin tsimi

Kafin a harhaɗa kanel, injiniya yakan ba da umarnin make menuconfig, sai dubban zaɓuɓɓuka su bayyana. Yawancinsu suna da amsa uku: y, a gina sashen a jikin kanel, m, a ajiye shi a gefe sai an neme shi, n, a bar shi gaba ɗaya. Kwamfutar tebur ba ta san abin da za a jona mata gobe ba, shi ya sa take ɗauke da direbobi barkatai, wato ƙananan manhajojin da ke sarrafa sassa irin su firinta da kyamara. Ita kuwa rauta an san sassanta tun daga masana'anta, don haka n ce amsar duk direban da ba nata ba. Amsar m tana sauƙaƙa wa RAM ne kawai, domin sashen yana nan yana cin wuri a filash.

Bayan zubar da kaya sai matse abin da ya saura. Ana umartar manhajar harhaɗawa ta fifita ƙanƙanta a kan sauri. Ana dunƙule fayiloli da tsarin SquashFS. Ana kuma amfani da BusyBox, wanda ya tattara umarni masu yawa cikin manhaja guda. Tun daga 2014 akwai umarnin make tinyconfig, wanda ke farawa da kanel mafi ƙanƙanta, sai injiniya ya riƙa ƙara abin da yake bukata ɗaya bayan ɗaya.

Kowane tsimi da farashinsa

Abin da aka matse sai an warware shi kafin a yi aiki da shi, wannan kuwa yana cin lokaci. Idan aka cire saƙonnin da kanel ke bayarwa game da halin da yake ciki, an sami wuri, amma ranar da na'ura ta tsaya babu mai faɗin dalili. Idan kuma aka cire direban filash ɗin kansa, na'urar ba za ta ko tashi ba. Saboda haka ƙa'idar ita ce a cire abu ɗaya, a harhaɗa, a auna girman, a gwada, sannan a wuce zuwa na gaba.