Son Al'adun Japan da Aikin Koyar da Ingilishi: Abin da Tsarin Sauti Yake Nunawa

Tun daga shekarar 1987 gwamnatin Japan take gudanar da shirin JET, wanda yake ɗauko matasa masu digirin farko daga ƙasashen waje domin su taimaka wa malaman Ingilishi a makarantu. Kwantiragin na shekara guda ne, ana iya sabunta shi har zuwa shekara biyar. Buƙatar irin waɗannan mataimaka ta ƙaru a 2020, lokacin da Ingilishi ya zama cikakken darasi a aji biyar da aji shida na firamare. Da yawa daga cikin masu neman aikin, sha'awar al'adun ƙasar ce take jan su: finafinan zane na anime, littattafan manga, wasan judo ko shagalin shan shayi. Sha'awa dalili ce mai kyau ta yin tafiya, amma aji yana neman wani abu daban, wato sanin harshen ɗalibi da yadda yake tsoma baki cikin harshen da ake koya masa.

Japanancin da masoyin anime yake tafiya da shi ma abin dubawa ne. Masanin harshe Satoshi Kinsui ya yi bayani a 2003 a kan abin da ya kira yakuwarigo, wato salon maganar da marubuta suke liƙa wa taurarin labari don a gane tsoho ko jarumi ko ƴar masu kuɗi da jin bakinsu kawai. Jarumin fim yana kiran kansa da "ore", yana kiran abokin magana da "omae". Wanda ya faɗa wa shugaban makaranta haka ya yi rashin kunya, domin ofis yana tafiya ne da keigo, salon girmamawa mai sauya siffar aikatau.

Babban aikin yana cikin tsarin sauti. Japananci yana da wasula biyar, kuma gaɓarsa kusan kullum baƙi ce da wasali; sautin hanci "n" da farkon baƙi mai ninki ne kaɗai suke iya rufe ta. Ingilishi kuwa yana jera baƙaƙe uku a farkon kalma ba tare da wasali ba. Saboda haka ɗalibi yakan cusa wasali a duk inda baƙaƙe suka haɗu, kuma cushen yana da ƙa'ida: "u" ne a galibi, "o" bayan "t" da "d", "i" bayan sautin "c" da "j". Kalmar "strike" mai gaɓa ɗaya sai ta koma "sutoraiku", "milk" ta koma "miruku". Misali na biyun ya nuna wata matsalar kuma: harshen yana da ƙwayar sauti guda a wurin da Ingilishi yake da "r" da "l", shi ya sa "light" da "right" duka suke fitowa "raito". Malamin da bai san wannan ba sai ya yi ta maimaita kalma da ƙarfi, yana zaton yaro bai saurara ba, alhali kunnen yaron ne bai saba raba sautukan biyu ba. Maganin shi ne horon saurare da tagwayen kalmomi kafin a nemi furuci. Robert Lado ya kafa wannan hanya ta kwatanta harsuna a 1957. An soke ta daga baya da cewa ba kowane kuskure take hangowa ba, amma a fannin furuci har yanzu tana cin kasuwa.

Ɗalibin da ya tashi da Hausa ba baƙo ba ne a wannan fage. Hausa ma ba ta yarda da jerin baƙaƙe a farkon kalma ba, shi ya sa "bread" ta zama burodi, "flour" ta zama fulawa. Kalmar "table" da Bahaushe ya mayar tebur, a Japan "teeburu" ce. Harsunan biyu suna bambanta ma'ana da tsawon wasali: kamar yadda garin zama ya bambanta da garin tuwo, haka "obasan", inna ko gwaggo, ta bambanta da "obaasan", kaka. Ninkin baƙi ma haka: mana da manna a Hausa, "kita", ya zo, da "kitta", ya yanke, a Japananci. Babu dangantakar asali tsakaninsu, kamancen tsari ne kawai.

Akwai kuma kalmomin da aka ƙera a Japan da kayan Ingilishi, waɗanda ɗalibi yake ɗauka Bature zai gane su. "Manshon" gidan bene ne mai ɗakunan haya ko na saye, ba katafaren gidan attajiri ba. "Konsento" kuwa soket ne na wutar lantarki. Waɗannan sun fi baƙuwar kalma wuyar gyara, domin ɗalibi yana da yaƙinin ya riga ya san su.

Duk da haka, kasuwar aikin ta daɗe tana fifita wanda aka haifa cikin Ingilishi, ko da bai taɓa nazarin koyarwa ba. Adrian Holliday ya yi suka mai ƙarfi ga wannan aƙida, yana ganin ta fi jingina ga fasfo da launin fata fiye da ƙwarewa. Hujjarsa tana da nauyi: wanda ya sha harshe a nono yana jin kuskure amma ba lalle ya san musabbabinsa ba, wanda ya koye shi a aji kuwa ya bi hanyar da ɗalibinsa yake bi. Lamarin ya fara sassautawa, domin a yau malamai daga Filifin, waɗanda yawancinsu Ingilishi harshe na biyu ne gare su, suna koyarwa a makarantun Japan da dama.