Shawarwari Goma Ga Gidan Da Ake Jiran Amsar Gurbin Digiri Na Biyu

A garuruwanmu na bakin Nilu a Sudan, daga Sinja zuwa Mai Wurno har ƙauyukan Jazira, akwai gidajen da ɗansu ko 'yarsu suka aika takardun neman gurbin digiri na biyu ko na uku, yanzu an zuba ido ana jiran amsa. Wasu a nan gida suka nema, a Jami'ar Jazira ko ta Khartum ko ta Sinnar. Wasu sun miƙa hannu Masar, Turkiyya, Malesiya, Ingila, ko Zariya da Kano. Jiran yakan ci watanni, ga shi ya samu yaran da yaƙi ya riga ya cinye musu shekaru. Faɗa ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023, Wad Madani ta faɗa hannun dakarun RSF a Disambar shekarar, Sinja ta biyo baya a ƙarshen Yuni 2024. Sai a Nuwamba 2024 sojoji suka karɓe Sinja, suka karɓe Wad Madani a Janairu 2025.

Hukuncin a ɗauki yaro ko a bar shi yana hannun wani kwamiti da ba mu taɓa gani ba. Amma takardunsa, wayarsa, dukiyar gida da irin maganar da ake yi masa safe da yamma duk suna hannunmu, kuma ta nan ma gurbi yana kuɓucewa. Ga abin da ya kamata gida ya kula da shi.

1. Ku san lokacin da amsa take fitowa

Rabin fargabar jira daga rashin sanin lokaci take. Kowane shiri yana da kalandarsa. Tallafin karatu na gwamnatin Turkiyya yakan karɓi takardu tsakanin Janairu da Fabrairu, a yi ganawa da waɗanda aka tace, sakamako ya fito wajen tsakiyar damina. Tallafin Chevening na Ingila yakan rufe a ƙarshen shekara, a yi ganawa a watannin farko na sabuwar shekara, amsa ta fara fitowa daga Yuni. Shirye-shiryen Erasmus Mundus na Turai sukan ba da amsa wajen Maris ko Afrilu. Ku sa mai neman ya rubuta a takarda guda: sunan kowace jami'a, ranar da ya aika, da watan da suka ce za su amsa. A liƙa ta inda Baba da Inna za su gani. Shirun da bai wuce watan da aka ambata ba, ba alamar komai ba ne.

2. Karɓa daban, tallafi daban, biza daban

Wannan ne kuskuren da ya fi jefa gidaje cikin kunya. Saƙo ya shigo da "muna taya ka murna", sai guɗa ta tashi, kafin magariba unguwa duk ta ji cewa wane zai tafi waje. Alhali ƙofofi uku ne a jere. Ta farko jami'a ta ce ta karɓe ka, wani lokaci ma bisa sharaɗi, wato sai ka kawo sakamakon jarrabawar Turanci ko asalin shaidar digiri. Ta biyu a samu wanda zai biya kuɗin makaranta, masauki da abinci. Ta uku ƙasar ta ba da biza.

Ƙofar ƙarshen nan ta ƙara ƙunci ga mai fasfon Sudan. Yawancin ofisoshin jakadanci sun bar Khartum tun Afrilu 2023, wasu suka koma Bur Sudan, wasu kuma sai an bi su Alƙahira ko Adis Ababa. A Yuni 2025 Amurka ta sa Sudan cikin ƙasashen da ta hana mutanensu shiga, kuma hanin ya haɗa da ɗalibai. Irin waɗannan dokoki suna sauyawa, saboda haka a riƙa duba shafin ofishin jakadancin ƙasar da kansa. Kafin a yi guɗa, a zauna a karanta wasiƙar har ƙarshe, a gane wace ƙofa ce ta buɗe.

3. Ku kammala takardu tun amsa ba ta zo ba

Ba a fafe gora ranar tafiya. Jami'ar da ta karɓi yaro takan ba shi 'yan makonni ne ya kawo takardu, alhali haɗa su a Sudan ta yau yana iya cin watanni. Yaƙi ya taɓa gine-ginen jami'o'i da ofisoshin ajiyar bayanai a Khartum da Wad Madani, jami'o'i da dama suka koma aiki ta intanet ko a cibiyoyin wucin gadi a wasu garuruwa. Don haka a fara da tambayar inda ofishin ba da shaida na jami'ar yaron yake aiki a yau.

Abubuwan da za a tanada su ne shaidar digiri, takardar da ke jera darussa da makin kowanne, fasfo, lambar ɗan ƙasa, da hotuna. Shaidar da za ta fita waje tana buƙatar hatimin jami'a, sannan na Ma'aikatar Ilimi Mai Zurfi, sannan na Ma'aikatar Harkokin Waje, kuma ba a tsallake ɗaya a je ɗaya. A duba ranar ƙarewar fasfo, domin ƙasashe da yawa ba sa buga biza a kan wanda bai da aƙalla wata shida a gaba. Sakamakon jarrabawar Turanci ta IELTS da TOEFL kuwa shekara biyu yake aiki.

Akwai wani abu ƙarami da ke hana mutum tafiya: rubutun suna. Sunayenmu sukan fito da siga biyu ko uku idan aka juya su daga Larabci zuwa boko. Fasfo ya ce Osman, shaida ta ce Usman. Nan Abakar, can Abubakar. A jera takardun a kan tabarma, a bi su harafi da harafi, duk inda aka ga saɓani a nemi gyara yanzu. Bayan haka a ɗauki hoton kowace takarda, a aika wa ɗan uwa amintacce da ke wani gari, asalin kuma a naɗe a leda a sa cikin akwati. Wanda ya bar Sinja da kayan jikinsa a 2024 ya san amfanin wannan.

4. Ku kiyaye waya da layin da aka yi rajista da su

Amsa ta imel take zuwa, ko ta shafin da aka cike takardu. Kada a ba ƙane wayar ya tafi da ita kasuwa, kada a bar layin ya mutu don rashin sa kuɗi, ko Zain ne ko MTN ko Sudani, domin ta nan lambar tabbatarwa ke shigowa. A rubuta kalmar sirri a ɓoye a wuri guda. Dubawa sau ɗaya a rana ta wadatar, amma a riƙa leƙa wurin da imel ke jefa saƙonnin da yake zaton na banza ne. Mun ga yadda sadarwa ta yanke a faɗin ƙasa a Fabrairu 2024, mutane suka koma biyan kuɗi a shagunan intanet na Starlink. Yana da kyau wani ɗan uwa da ke inda intanet ke da ƙarfi ya iya buɗe akwatin idan ta ɓaci a nan. In an kira ganawa ta bidiyo, a nemi ɗaki mai shiru da cajin sola tun ana saura kwana biyu, a gwada muryar da hoton.

5. Kada a sayar da komai sai an ga biza

Saniya, filin bakin kogi, kwalekwalen su, zinaren Inna: kada ɗayansu ya bar gida saboda wasiƙar karɓa kawai. Fam ɗin Sudan yana ta zubewa tun da aka fara yaƙi, wanda ya sayar da kadara yau ya riƙe kuɗin wata uku, abin da zai saya da su ya ragu. Abin da ya dace shi ne lissafi. A rubuta kuɗin hatimi, fassarar takardu, gwajin lafiya, motar Bur Sudan da kwanakin da za a yi a can, kuɗin biza da guzurin watan farko. Ko tallafin da ake cewa cikakke ne yakan bar wasu daga cikin waɗannan a wuyan ɗalibi. A san wanda zai ɗauki wane, a sanar da 'yan uwan da ke Saudiyya ko wani wuri tun da wuri, amma kuɗin su zauna a hannunsu sai ranar buƙata.

6. Ku yi hattara da dillalan gurbi

Duk inda jira ya yi tsawo, 'yan damfara suna kusa. Za a turo saƙo ta WhatsApp ko Facebook cewa sunan yaro ya fito, a tura kaza ta manhajar Bankak kafin gobe don a riƙe masa wuri. Neman tallafin Turkiyya kyauta ne, na Chevening ma haka, kuma babu wanda ke sayar da matsayi a jerinsu. Jami'ar gaske ba ta karɓar kuɗi ta asusun wani mutum. Duk mai cewa "yau-yau ko a ba wani", a kashe wayar, a shiga shafin jami'ar a tambaye su kai tsaye.

7. Ku rage tambayar "Har yanzu shiru?"

Mai tambaya sau ɗaya ya yi, amma yaron ya ji ta daga Kawu a ƙofar masallaci, daga Gwaggo a gidan suna, daga abokai a wurin mai shayi. Kowace tambaya tana tuna masa abin da ba shi da iko a kai. Gida ya yi yarjejeniya: idan akwai labari shi zai kawo da bakinsa. Baƙo ya tambaya, mahaifi ya amsa a madadinsa: "Muna addu'a, in ta zo za ku ji." A kuma daina gwada shi da ɗan gidan wane da ya riga ya tafi. Idan aka ga ya daina cin abinci, barci ya ƙaurace masa, ya rufe kansa a ɗaki, a zauna da shi. Kalma irin ta uwa, "Ɗana, ko sun ɗauke ka ko ba su ɗauke ka ba, darajarka a gidan nan tana nan," tana sauke nauyi mai yawa. Yaran nan sun ga gudun hijira da rashin 'yan uwa, zuciyarsu ba ta buƙatar ƙarin kaya.

8. A yi jiran ana aiki

Kakanninmu da suka taso daga ƙasar Hausa da niyyar Makka, da waɗanda suka biyo jagoransu Mai Wurno, wanda garin ya ci sunansa, bayan yaƙin Burmi na 1903, sun san jira mai tsawo. Wani yakan shekara da shekaru a hanya, yana noma, yana tsinkar auduga a gonakin Jazira, yana tara guzuri har hanya ta buɗe. Haka ya kamata mai jiran gurbi ya yi. Ya shiga noman dawa da riɗi in damina ta sauka, ya koyar a makarantar unguwa, ya taimaka a asibiti ko wurin rabon agaji. Wannan yana kawo ɗan abin kashewa, kuma yana shiga takarda: Chevening ba ya duba wanda bai yi aikin shekara biyu ba. Ya nemi shaidar aikin a rubuce. Ya ware sa'a guda kullum ya gyara Turancinsa, ya karanta sababbin bincike a fanninsa, ya riƙa gaida malaman da suka rubuta masa wasiƙar shaida, domin zai iya sake buƙatarsu.

9. A gama shawarar iyali tun yanzu

Idan 'ya mace ce, a tattauna maganar tafiyarta, masaukinta da batun aure kafin wasiƙa ta iso. Babu zalunci kamar a bar yarinya ta sha wahalar nema, ta yi nasara, sannan a ce mata ba inda za ta. Idan magidanci ne, a san wanda zai riƙe matarsa da yara da gona. A karanta sharuɗɗa da kyau: tallafin Turkiyya yana haɗe da shekara guda ta koyon harshensu, kuma yana da iyakar shekaru, ƙasa da 30 ga digiri na biyu, ƙasa da 35 ga na uku. Chevening digirin shekara guda ne, da sharaɗin komawa gida na shekara biyu. A yi istihara, a ji ta bakin manya, a tsaya a kan magana ɗaya.

10. Ku shirya wa kowace irin amsa

Idan an karɓa, a duba ranar ƙarshe ta amsawa nan take. Gurbi kamar riɗi yake, in ya nuna aka yi jinkirin yanka sai ya zube a ƙasa. A tuna kuma cewa daga Yuli zuwa Satumba baƙar lakar yankinmu tana tsare mota a hanyoyin ƙauye, don haka mai tafiya ya fito gari da wuri. Idan kuɗi ko biza suka hana, a rubuta wa jami'a a roƙi ɗage shiga zuwa baɗi, wasu suna yarda. Idan an sa shi a jerin masu jiran gurbi, ya aika gajeriyar wasiƙa cewa har yanzu yana so, ya ci gaba da neman wasu wuraren.

Idan kuwa an ce a'a, kada gida ya yi zaman makoki. Masu nema sun ninka guraben da ake da su, kuma akwai waɗanda sai a nema na biyu ko na uku suka dace. A ba shi kwana biyu ya huce, sannan a duba inda takardun suka yi rauni. Jami'o'in gida suna da kwalejojin karatun gaba da digiri, ga Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, Bayero a Kano da Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, inda harshe ba zai zama masa baƙo ba. Rabon kwaɗo ba ya hawa sama.

Iyaye da yayye, yankinmu yana buƙatar likitoci, injiniyoyin ban ruwa, masana noma da malaman jami'a da za su gyara abin da yaƙi ya rushe, kuma cikin yaran nan masu jira za su fito. Ku fito da takardunsu a duba a wannan makon, ku riƙe dukiyarku, ku tausasa musu harshe. Allah Ya zaɓa musu abin da ya fi alheri, Ya zaunar da Sudan lafiya.