Yadda Sunanki Ke Shiga Saƙon Talla

Wata mai sauraronmu daga Kano ta tambaya: yaya kamfani ke aika wa dubban mutane imel guda, amma kowa ya ga sunansa? To Malama, gurbi ake bari a cikin saƙon. A manhajar Mailchimp ana rubuta *|FNAME|*, ita kuma ta ɗauko sunan kowa daga rajistar abokan ciniki ta cike. Wasu na cewa yaudara ce, tunda na'ura ce ta gaishe ki. A ganina ba haka ba ne, muddin ke kika ba da sunan da kanki. Abin lura shi ne rajistar: inda ba a rubuta suna ba, gaisuwar za ta fito a guntule, shi ya sa ake tanadar kalma irin "Abokin cinikinmu" ta maye gurbin.