Ɗakin Gwaje-gwaje da Sakamakon Ɗaliban Kimiyya a Babbar Sakandare

Kayan koyarwa, wato duk abin da malami ke amfani da shi domin ɗalibi ya gani da idonsa ko ya taɓa da hannunsa, sun fi nuna tasirinsu a darussan kimiyya, domin a nan ne jarrabawa ke auna aikin hannu kai tsaye. A jarrabawar WAEC, takardar gwaji ta ilmin sinadarai tana ɗauke da kashi ɗaya bisa huɗu na makin darasin, kuma babbar tambayarta ita ce taitireshan, wato ɗiga ruwan asid daga dogon bututun awo cikin sinadari mai ɗabi'ar kanwa har launi ya sauya, sannan a yi lissafi da adadin da aka ɗiga.

Aikin koyar da wannan darasi ya nuna wa marubucin cewa ɗalibin da bai taɓa riƙe bututun ba sai ranar jarrabawa, ko da ya haddace ƙa'idar tsaf, hannunsa kan yi rawa ya zarce ɗigon ƙarshe, kuskuren kuma ya bi lissafinsa har ƙarshe. Abin takaici, makarantu da dama ba sa sayen sinadarai sai hukumar jarrabawa ta aiko da jerin abubuwan da za a tanada, a wasu kuwa kayan na nan amma a kulle cikin sito don gudun kada a fasa, wanda a ganin marubucin ya fi rashinsu ciwo. Tushen matsalar ya haɗa da kuɗi, domin dokar ilmin bai-ɗaya ta 2004 ta tsaya ne a ƙaramar sakandare, asusun TETFund kuma na manyan makarantu ne, sai nauyin ya rage a wuyan jihohi. Kano ta gwada abin da jiha za ta iya tun 1977, lokacin da ta buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa.

Malami mai himma yakan rage giɓin da abin da ke kasuwa, domin ruwan zoɓo yana ƙara ja idan aka zuba masa lemun tsami, ya rine ya yi duhu idan aka sa masa kanwa, kuma hakan ya isa ya bayyana ma'anar sinadarin da ke nuna sauyi ta hanyar launi. Sai dai zoɓo ba ya koyar da karanta awo, saboda haka wajibi ne shugabannin makarantu da ƙungiyoyin iyaye da malamai su tabbatar ana shiga ɗakin gwaje-gwaje tun daga aji ɗaya na babbar sakandare, ɗalibai biyu ko uku a kan bututu guda.