Kiwon Kajin Nama: Abinci Mai Kyau Kafin Magani

'Yan'uwa, da yawa cikinku kuna kiwon kajin nama, waɗanda ake kira buroila, masu isa yanka cikin mako 6 zuwa 8. Wannan darasi ya shafi cikin kaza, ya kuma shafi cikin iyalinku.

Mene ne firobayotik?

A hanjin kaza akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani. Waɗansu suna kawo cuta, waɗansu kuwa suna taimakon narkewar abinci, suna hana miyagun samun wurin zama. Firobayotik gari ne ko ruwa mai ɗauke da masu amfanin, da ransu. Danginsu ne ke mai da madara kindirmo. Ana zuba shi a ruwan sha ko a abinci, ya fi amfani ga 'yan tsaki a makon farko, da kuma bayan kaji sun gama shan magani.

Me ya kawo asibiti cikin zancen kaji?

Masu kiwo da yawa suna ba kaji antibayotik kullum, ko ba su da ciwo. Haka ƙwayoyin cuta suke sabawa da maganin. Idan suka shiga jikin yaro ta kashin kaji ko naman da bai dahu ba, sai mu ba shi magani ya ƙi ji. Irin wannan tsoro ne ya sa Tarayyar Turai ta hana ba dabbobi antibayotik don ƙara girma tun 2006.

Amma firobayotik ba ya gyara mugun abinci. 'Yan tsaki suna bukatar abinci mai furotin wajen kashi 22 cikin 100, daga waken suya, tunkuza ko garin kifi. Dusa zalla ba ta isa. Masara ko gyaɗar da ta yi funfuna tana iya ɗauke da guba mai suna afulatoksin, mai lalata hantar kaza da ta mutum. Dafuwa ba ta kashe ta. Araha ba ta ado.

Abin da za ku yi

1. Ku shanya hatsi ya bushe sarai, ku ɗora buhu a kan katako, ba a ƙasa ba.
2. Abincin da ya dunƙule ko yake warin ruma, ku binne shi.
3. Ku ajiye firobayotik a inuwa, gama zafi yana kashe shi. Kada ku haɗa shi da antibayotik a ruwa ɗaya.
4. Ku yi rigakafin Niyukasil da Gumboro a kan lokaci. Firobayotik ba ya tsare su.
5. Antibayotik sai da umarnin malamin dabbobi. Ku jira kwanakin da aka rubuta a jikin maganin kafin yanka.
6. Ku wanke hannu da sabulu in kun fito daga akurki.

Tambaya don tattaunawa: yaushe kuka buɗe buhun abincin kajinku kuka shinshina?