Matsayin Sarrafaffen Sitaci a Shari'a: Nazari Daga Ƙasar Ketare

1.0 Gabatarwa

Yankin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa na daga cikin wuraren da aka fi noman masara a Jihar Katsina, kuma tace gasara domin koko tsohuwar sana'a ce a Ketare. Sai dai sitacin da ke shigowa kantuna cikin yogot da kayan gwangwani ya bi ta masana'anta, yana ɗauke da lambobi irin su E1422 da E1442. Wannan muƙala ta duba ko sarrafawar tana fitar da shi daga halal.

2.0 Ma'anar Sarrafaffen Sitaci

Ana samun sitacin daga masara ko rogo ko dankalin Turawa ko alkama, sannan a gyara shi da zafi ko asid ko wasu sinadarai domin ya jure dafuwa da sanyi ba tare da ya tsinke ba. A nan fassara ke da tasiri: wasu kan ɗauka sarrafawar na nufin sauya ƙwayar halittar shuka, alhali garin da aka riga aka tace ake gyarawa.

3.0 Hukunci

Ƙa'idar malaman fiƙihu ita ce asalin abubuwa halal ne har sai dalili ya haramta. Tunda tushen sitacin tsiro ne mai tsarki, shubuha ba ta shiga sai ta hanyoyi biyu: sinadarin narkarwa da aka ciro daga alade ko mushe, da kuma cuɗanya da najasa a injin. Ko a nan ma akwai mas'alar istihala, wato rikiɗar abu zuwa wata zati daban, kamar yadda Malikawa suka tsarkake giyar da ta koma khalli da kanta. Ƙa'idojin hukumar Codex na 1997 kan amfani da kalmar halal sun shardanta raba kayan aiki daga haram, yayin da NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ke sa ido kan rubutun jikin kaya a Nijeriya.

4.0 Kammalawa

Sarrafaffen sitaci halal ne a asalinsa; abin bincike shi ne sauran sinadaran da aka haɗa shi da su, kamar jelatin. Ya kamata masana Hausa su daidaita kalmar da za ta bambanta gyaran sitaci da sauya ƙwayar halitta, domin kuskuren fassara kan haifar da kuskuren fatawa, ya kuma sa mai saye ya ƙaurace wa abin da Allah ya halatta.