Yadda Ruwan Zafi Yake Tara Ma'adinai a Ƙarƙashin Ƙasa

Yawancinmu mun ga tsofaffin ramukan kuza a Jos da Bukuru, ko kuwa mun ji labarin masu haƙar zinariya a Zamfara. To, me ya tara waɗannan ma'adinai a wuri ɗaya, alhali wasu wuraren babu ko kaɗan? Amsar ita ce ruwan zafi.

In muka nutsa cikin ƙasa, zafi yakan ƙaru da kamar digiri 25 zuwa 30 a kowace kilomita. Can ƙasa akwai ruwa, wani daga narkakken dutse yake fitowa, wani kuma ruwan sama ne da ya tsiyaye ta tsagogin duwatsu. Zafinsa yakan wuce digiri 300, amma nauyin duwatsun da suka danne shi yana hana shi tafasa. Mun san yadda sukari yake saurin narkewa a shayi mai zafi. Haka wannan ruwa, da taimakon gishiri da farar wuta da ke cikinsa, yake narkar da ƙarafan da suke warwatse cikin dutse, ya kwashe su.

Daga nan sai ya bi tsagogi ya yi sama. Yana hawa yana hucewa, dannewar kuma tana raguwa, har ya kasa riƙe kayan da ya ɗauko. Sai su daskare a jikin tsagar, sannu a hankali, cikin dubban shekaru, har ta cika. Cikakkiyar tsagar nan ita ake kira jijiya, kuma galibinta farin dutse ne mai ƙarfi da masana suke kira kwaz.

Kuzar Jos ta samu ne daga duwatsun da suka sandare fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce. Daga baya ruwan sama ya zaizaye su, ya zuba kuzar cikin rafuka, inda aka fi haƙarta. A Riruwai ta Jihar Kano, inda mutanenmu suke narka kuza tun kafin zuwan Turawa, akwai jijiya mai ɗauke da kuza da tutiya tare.

A nan ne ya kamata mu lura. Ruwan zafi ba ya zaɓe. Sau da yawa yakan ajiye ƙarafa iri-iri cikin jijiya ɗaya. A wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum, dutsen zinariya yana haɗe da dalma mai yawa. Mutane suka riƙa kai shi gida suna niƙawa a tsakar gida, ƙura tana sauka a abinci da inda yara suke wasa. A shekarar 2010 aka gane cewa gubar dalma ce take kashe yara, kuma fiye da 400 suka rasu. A 2015 irin wannan ya sake faruwa a Ƙaramar Hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Saboda haka, mu ɗalibai, in mun koma gida hutu, mu faɗa wa iyaye da 'yan'uwa masu wannan sana'a: kada a niƙa dutsen ma'adinai a cikin gida, a jiƙa shi domin rage ƙura, a yi wanka a canja tufafi kafin a ɗauki yaro. Rigakafi ya fi magani.